Kafin Ka Ɗaure Kaya, Ka Bi Ƙofa-Ƙofa

Ya ku ƙannena, da yawa daga cikinku za ku zauna a garin da ba a haife ku a cikinsa ba, ko don karatu, ko hidimar ƙasa, ko kasuwanci, ko canjin wurin aiki, kuma ranar barin garin za ta zo ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Iyaye suna koya mana yadda ake shiga baƙon gari, wato ka nemi mai masauki, ka gai da manya, ka kame bakinka har ka fahimci mutane, amma da wuya ka ji an zaunar da yaro an koya masa yadda ake fita. Ni na daɗe a Sabo ta Ibadan ina harkar goro a ƙarƙashin maigidana, a can na yi aure, a can aka haifa mini 'ya'ya, sannan na komo Kano lokacin da tsufa ya kama mahaifiyata. Yadda na bar unguwar nan shi ne abin da nake so ku guje wa.

Sabo unguwa ce da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, kuma abin da ya raya ta shi ne shanu da ke gangarowa daga Arewa da goro da ke haurawa can. Yawancin wannan ciniki bashi ne da ba a rubuta ba, maigida yana tsaya wa baƙonsa, dillali yana tsaya wa mai saye, kowa yana riƙe da sunan wani. A wuri irin wannan, wanda ya tashi ba sallama ba a cewa ya yi sauri, cewa ake yi ya gudu.

Na ɓoye tafiyata saboda tsoron baki, kamar yadda aka saba mana tun muna yara cewa ba a faɗar tafiya sai an ga ƙafa a mota. Maigidana da limaminmu kaɗai na sanar, su ma a kurarren lokaci. Bayan na iso Kano sai na tuna da ragowar kuɗin ɗinki da tela ke bi na, da zubin adashin da na riga na kwasa ban kammala biya ba, da wata ajiya da wani direba ya bari a hannuna. Duk na biya daga baya, amma kafin kuɗin su isa magana ta riga ta zaga rumfuna, kuma maigidana ne ya sha kunyar da ba shi ya jawo ba. Saboda haka idan ranar tashinka ta tsaya, ka zauna da takarda ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, ka mayar da duk abin da ka ara, ko da guduma ce, ka daidaita da uwar adashi, sannan ka roƙi liman ya sanar bayan salla cewa duk mai haƙƙi a kanka ya zo. Muna yi wa mamaci wannan sanarwa a wurin jana'iza, ban ga dalilin da zai hana mai rai ya yi wa kansa ba. Addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya koyar a yi wa matafiyi ma ta ambaci abubuwa uku ne da ake bar wa Allah ajiyarsu, addininsa da amanarsa da ƙarshen ayyukansa.

Abin da ya fi bashin kuɗi nauyi shi ne mutanen da ban ɗauka a bakin komai ba. Na yi sallama da masu rawani, na manta da mai shayin da ke ba ni bashi lokacin da kasuwa ta mutu, da malamin allon da ya koya wa yarana baƙi da wasali, da wata dattijuwa Bayarabiya maƙwabciyarmu wadda ta kwana a asibiti tare da matata ranar haihuwarta ta fari, lokacin da babu wata 'yar'uwa a kusa. Yarabawa mutane ne masu ɗaukar gaisuwa da matuƙar muhimmanci, kuma an gaya mini ta daɗe tana tambayar laifin da ta yi mana. Kafin in sake taka Ibadan ta rasu. Kada ku ce waya za ta wadatar, domin neman gafara yana son zama da kallon ido, kuma tsofaffi da yawa ba sa lissafa saƙon WhatsApp a cikin sallama. Ka ware kwanaki tun kafin a fara ɗaure kaya, ka fara da tsofaffi da marasa lafiya, ka haɗa da wanda kuka yi saɓani da shi, ka ce masa ya yafe maka ko da kana ganin kai ne mai gaskiya. Idan kana da mamaci a maƙabartar garin, ka ziyarce shi.

Ka tuna kuma cewa matarka da 'ya'yanka suna da nasu mutanen. Ni kaɗai na yanke rana, ban bar wa matata lokacin zaga ƙawayenta na Islamiyya ba, yaran kuma aka ɗauke su ana tsakiyar zangon karatu. Karɓar takardar canjin makaranta, da biyan kuɗin wuta, da miƙa makulli ga mai gida hannu da hannu, duk ƙananan ayyuka ne idan kana gari, amma daga nesa sai su zama wahala.

Ku yi hattara da kalmar nan ta "sai na zo da Salla", wadda na raba wa kowa don in rage wa kaina nauyin rabuwa. Hanyar da ta bi ta Oyo da Ogbomosho da Ilorin da Jebba da Mokwa kafin a kama ta Kaduna ba tafiyar yini ɗaya ba ce ga mai iyali, ga kuɗin mota, ga hidimar sabon wuri. Gara ka ce ba ka san ranar dawowa ba, ka zaɓi mutane kaɗan da za ka riƙa kira da gaske, kuma idan rasuwa ta faru ka yi ƙoƙarin zuwa ta'aziyya da ƙafarka ko ka wakilta wani.

A watan Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha da ke gefen Ibadan, mutane da dama sun bar gidaje da rumfuna da kayan da ke jikinsu kawai, ba su sami damar cewa kowa komai ba. Ni da na tashi cikin lumana, da mota a ƙofar gida, ba ni da irin uzurinsu.

Idan ka isa sabon wuri, kada ka cika wa mutane kunne da cewa a can kaza ake yi, kada kuma ka zagi garin da ya ciyar da kai don ka burge 'yan gida. Ranar da ka koma ziyara za ka tarar wani ne a rumfarka, yaran unguwa ba su san ka ba, wasu gidajen an rushe an gina shaguna. Ka nemi masauki tun kafin ka taso, ka riƙo tsaraba, ka fara da gidan maigidanka na dā kafin ka wuce kasuwa.