Inda na kai a sunayen esta

’Yan’uwa masu fama da kimistiri, na gama da asid da alkohol, yanzu ina kan esta, waɗanda manhajar WAEC da JAMB ke kira alkanoates. Haɗa su ba wuya a takarda: asid mai COOH (alkanoic acid) da alkohol, a ɗiga musu asid ɗin sulfur mai ƙarfi, a ɗumama, sai esta ta fito tare da ruwa. Tun 1895 Emil Fischer da Arthur Speier suka bayyana wannan hanya a Jamus. Wurin raɗa suna ne ake zufa.

Ga dabarar da ta zauna mini. Ku ɗauki CH3COOCH2CH3. Wajen rubutu ɓangaren asid ne a gaba, amma wajen kiran suna na alkohol ake fara ambata. Don haka nake karanta shi kamar ajami, daga dama zuwa hagu. A dama, bayan oksijin na biyu, kabon biyu ne: ethyl. A hagu ma biyu ne, daga ethanoic acid, sai a yanke -ic acid a maƙala -ate. Ethyl ethanoate ke nan.

Kabon ɗin da ke cikin COO fa na asid ne, dole a ƙirga da shi. Nan masu tsara jarrabawa ke ɗana tarko. HCOOCH2CH2CH3 sunansa propyl methanoate, CH3CH2COOCH3 kuma methyl propanoate. Dukansu C4H8O2 ne, haka ma ethyl ethanoate ɗin ɗazu, amma kowanne abu ne daban. Wani lokaci kuma su juya rubutun, su sa alkohol a hagu. Ni ba na ƙara amincewa da jerin haruffa sai na zana hoton, na ga wane kabon ne ke riƙe da oksijin da igiya biyu (double bond), domin shi ne na ɓangaren asid.

Abin da ya hana ni gajiya shi ne ƙamshi. Butanoic acid wari yake yi irin na man shanun da ya lalace, amma da ya haɗu da ethanol sai ya koma ethyl butanoate, mai ƙamshin abarba. Na ayaba kuwa 3-methylbutyl ethanoate ne, kuma shi ya ja ni cikin esta masu reshe a jerin kabon ɗinsu, inda a ɓangaren alkohol ake fara ƙirga daga kabon da ke manne da oksijin. A nan nake yanzu, hannuna bai gama faɗawa ba. Wanda ya riga ni wucewa, ya gwada raɗa wa CH3COOCH(CH3)2 suna mu gani.