Talata, bayan Isha

Da raha na tashi yau. Inna Ladi ta aiko mana da waina daga Shara Mansur, wata unguwa a nan Makka, na ci biyar a tsaye kafin motar aiki ta iso. Har na tsokani Habu kan sabon askinsa.

Maganar Sabi'u, abokin aikina, ce ta ɓata min ranar, ko in ce amsar da na ba shi. Muna ɗakin wanki muna ninke tawul ɗin baƙi, ya ce, "Yaya, kwana huɗu ke nan ban runtsa ba. Da na kwanta sai in ji injin nan yana juyawa a kaina." Na ga tawul ɗin yana karkarwa a hannunsa, sau uku yana ninkewa yana warwarewa. Ni kuwa bakina ya riga hankalina: "Sai haƙuri, kowa haka yake." Ya ce to. Bai ƙara cewa uffan ba har La'asar.

Kowa haka yake ɗin nan ai ita ce matsalar. Dokar ƙwadago ta Saudiyya awa 8 ta ce a rana, 48 a mako, kuma kada a wuce awa 5 a jere ba hutun rabin awa. Mu tun da 'yan Umra suka cika Makka 12 muke yi. Mudiri, wato manajanmu, ya manna takarda a bango wai in ka ji damuwa ka ja numfashi a hankali, ka sha ruwa. Gefenta kuma jadawalin da ya sa Sabi'u dare, washegari safe. Masu aiki a waje cikin rana ko ba komai an hana a sa su daga 12 zuwa 3, tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Mu na inuwa wa zai leƙo mu?

Bayan Magariba na same shi, na ce ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ya yi magana da likita. Ya ce yana tsoron kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya ji, ga iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, a ce yaron ya taɓu. Na rasa ta cewa.

Kuɗin makarantar Ummi ban tura ba. Gobe.

Na rubuta wa Sabi'u cewa zan karɓi darensa na Alhamis in mudiri ya yarda. Ya buɗe saƙon tun ƙarfe tara, bai amsa ba. Yanzu ɗaya saura, kuma ga shi nan ina ganinsa a kan layi.