Wayar da Alhaji ya sayo da kansa

Duk wanda ya tambaye ni labarin jarrabawar masu wayarin wuta ta Hukumar Makamashi ta Gana, a taƙaice nake ba shi, domin ba ita ce ta ƙona mini rai ba. Akwai ta rubutu, akwai ta aiki da hannu, akwai kuma wadda za a zaunar da kai a yi maka tambayoyi baki da baki. Ajin wayarin na gidajen zama na nema, ban taɓa na shaguna da na masana'antu ba. Wanda ya daɗe a hannun masta a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi, ya iya lanƙwasa fayif, ya san waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce 2.5 kuma ta soket, ba aikin hannu ne zai kayar da shi ba. Lissafi da gwaji ne, su kuwa ana koyonsu. Na ci, aka ba ni kati da hatimi.

Aikin farko da zan buga wa hatimin nan gidan wani aminin mahaifina ne a Sawaba, ɗakuna huɗu da falo da kicin. Baba nake ce masa tun ina yaro. Da na rubuta masa kayan da ake buƙata, sai ya ɗora yatsa a kan layin waya ya ce, "Ɗana, wannan kuɗin ai ya isa a ta da wani ɗakin. Bar mini waya, akwai yaron da nake saye a wurinsa." Haka aka saba a zango: mai gida ya sayo kaya, kai ka karɓi ladan hannunka, kada a ce ka ci riba biyu. Waya ta iso cikin leda mai sheƙi, an buga 2.5 ɓaro-ɓaro a jikin robar. Muka ja ta cikin fayif, birkila ya yi filasta, mai tayil ya gama kicin da banɗaki, aka yi fenti.

Saura mita. ECG, kamfanin raba wutar lantarki, ba sa jona wa sabon gini wuta sai da takardar kammala aiki mai ɗauke da sa hannu da hatimin wanda Hukumar Makamashi ta tantance. Dokar wayarin ta 2011, mai lamba L.I. 2008, abu uku ta kama: wa zai yi aikin, yaya zai yi shi, da wane irin kaya. Mu masu sana'a biyun farko muke ta magana a kai. Na ukun ne ya kama ni.

Ranar gwaji komai ya fara lafiya. Na sa mega, na'urar gwada ko robar waya tana riƙe wuta, a kan volt 500, robar waya ta wuce megohm ɗaya da nisa. Babu soket ɗin da aka juya wa waya, sandar ƙasa tana wurinta. Sai na zo auna zoben soket na falo, bakin nan zuwa bakin can. Jan ƙarfe mai kaurin 2.5 yana ba da ohm 7.41 (ohm shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta) a kowace kilomita, ka ga rol mai mita 100 zai ba ka kusan 0.74. Zoben falon bai fi mita 50 ba, don haka wajen 0.37 nake jira. Na'ura ta haura 0.6. Na ce dunƙule ne ya yi sako-sako a wani wuri. Muka kwance soket ɗaya bayan ɗaya, muka ɗaure, na sake mayar da na'ura sifili. Lambar ba ta motsa ba. Na koma ɗakuna, na koma kicin, duk kanwar ja ce.

Yarona ne ya tsinto guntun waya a cikin shara ya miƙo mini. Na fere robar, na kankare ƙarfen da wuƙa. Jan ya tafi kamar lalle a hannun da aka wanke, fari fat ya fito daga ƙasa. Na kunna laita na kara masa. Jan ƙarfe na gaske zai yi ja ya tsaya ƙyam, wannan kuwa ya langwaɓe nan take. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Gida guda, kowane soket, an rufe da siminti an yi fenti.

Wanda ba ya sana'ar zai ce to mene ne, ai tana kai wuta. Tana kaiwa. Amma alminiyam bai fi kashi 60 da ɗoriya na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka ba, bireka mai amp 32 da ke cikin akwati kuma ba ta san an sauya mata waya ba. Hajiya ta sa ayan, firiza na aiki, wani ya jona hita, waya ta yi ta zafi a cikin bango bireka tana zaune lafiya. Mafi muni shi ne bakin soket: alminiyam yana lotsawa a ƙarƙashin dunƙule, a hankali ya yi sako-sako, ya fara tartsatsi. Ba ranar tarewa zai nuna hali ba, sai an manta.

Na samu Alhaji bayan la'asar na ajiye masa guntun wayar a kan tabarma. Ya juya ta, ya ce a ta da janareto. Aka tayar, fitilu suka kama, fanka ta juya. Ya ce, "Ɗana, wuta ta kama ko ba ta kama ba?" Na ce ta kama, Baba. Ya ce, "Hatimin ba a aljihunka yake ba?" Na ce a nan yake, amma sunana da lambata ne a jikinsa, ga insifeto da zai iya zuwa da tasa na'urar ya ga abin da na gani, kuma in Allah ya kawo tsautsayi, takardar nan za a fara nema. Wani da ke zaune a wurin ya ce ya san mai buga hatimi ko bai taka gidan ba. Akwai su, kowa ya sani. Kafin magariba magana ta kai wurin mahaifiyata, cewa tun da na samu kati na fara ɗaga wa manya kai.

Liman ne ya raba mu. Alhaji zai sayi sabuwar waya, ni zan sake aikin ba ko pesewa, fasa bango kuma a raba biyu. Mai shagon ya ce kayan da aka yanka ba sa dawowa, ga shi ba rasit. A nan maganarsa ta mutu.

A baki sake jan waya abu ne mai sauƙi: ka ɗaura sabuwa a wutsiyar tsohuwa ka ja ta ɗaya bakin. A ɗakuna haka aka yi. A kicin waya ta cije, domin birkila ya murƙushe fayif a wuri biyu siminti ya shiga. Sai da muka fasa tayil. An zaga Adum da Kejetia ba a samu irinsa ba, aka liƙa mai kama da shi. Har yau in baƙi suka zo Hajiya takan nuna musu wurin ta ce aikin masu satifiket ke nan. Yarana kuwa daga aljihuna na biya su, don ba su ne suka yi alkawari gaban liman ba.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne gwajin da zai hana duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Rol yana cikin ledarsa bakinsa biyu a waje suke. Ka maƙala na'ura, in ta nuna kusa da 0.74 a mita 100 ka yi bismilla, in ta doshi 1.2 ka mayar wa mai ita. Lambar nan na haddace ta saboda jarrabawa, amma a wurin masta ban taɓa ganin an auna waya kafin a ja ba. Testa ta kawo haske, ƙwai ya kama, shi ke nan an gama. Yanzu ko uban wa ya sayo waya, sai na ɗaga rol na ji nauyinsa, na kankare bakinsa, na auna, a gaban mai gida. Tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Gana ina duba shi, amma rubutu a jikin leda ba ya hana ni fito da wuƙa. Ina sa a karɓo rasit mai sunan shago. Kuma ba na yarda birkila ya ɗora cokali a bango sai na yi gwajin farko. Akwai masu gidan da suka ji wannan sharaɗin suka nemi wani, na bar su.

Alheri ɗaya fasa kicin ɗin ya yi. Da muka buɗe, na lura inda Hajiya ta ware wa tukunyar gas daf yake da soket ɗin firiza, wanda ke ƙasa kusa da daɓe. Katina bai shafi gas ba, wannan hurumin NPA ne, hukumar kula da harkar man fetur da gas, amma na san gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, daidai inda tartsatsi zai same shi. Wanda ya ga hotunan fashewar gas ta Atomic Junction a Accra cikin Oktoban 2017 ba ya buƙatar dogon bayani. Na ɗaga soket ɗin na matsar da shi, aka yi wa tukunyar keji a waje, na nuna wa 'yarta yadda ake shafa ruwan sabulu a bakin tiyo a ga ko zai yi kumfa. Wannan kam Hajiya ba ta nuna wa baƙi.

Tsohuwar wayar da muka zaro ta cika buhu biyu. Ɗan Alhaji ya ce akwai mai gini a bayan layi da zai saya da rahusa. Na ɗauki filaya na zauna na daddatsa ta guntu-guntu, yana tsaye yana kallona. Daga baya ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe a Aboabo. Mutumin ko sikeli bai ɗauko ba, ya zaro guda ya goga a dutse, ya ce masa farashin alminiyam zai biya.