Na je Amsterdam kallon finafinan gaskiya

Jami'in da ya karɓi fasfona ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce kallon fim. Ya dube ni sama da ƙasa, wai tun daga Najeriya? Sai da na zaro takardar gayyata da tikitin komawa kafin ya buga hatimi, ya turo min fasfon ko uffan.

Bikin IDFA na je, bikin finafinan gaskiya na duniya da aka fara a 1988, ake yi duk watan Nuwamba. Babu jarumi, babu rawa da waƙa, mutane ne na gaske da rayuwarsu. Abin mamaki, kuɗi ake biya, kuma layi ake bi cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi. Na fara da sinimar Tuschinski, ginin 1921 mai kafet da fitilu kamar fadar sarki. Mai ginin, Bayahude ne ɗan asalin Poland, 'yan Nazi suka kashe shi a sansanin Auschwitz a 1942.

A nan na kalli fim ɗin wata mata da ta ɗauki mahaifiyarta mai ciwon mantuwa a kyamara. Tsohuwar na riƙe da hoton aurenta tana tambayar wane ne wannan mutumin. Har wankanta aka nuna. Wallahi sai da na sunkuyar da kai. A wajenmu wannan tonon asiri ne, da dangi sun yi taro a kanta. Har yanzu ina ganin wankan bai kamata ba. Amma da aka kunna fitila, wata dattijuwa ta miƙe ta ce mijinta haka yake, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Mu fa, tsohuwa in ta fara haka sai a ce ruɗewar tsufa ce, wani ma ya ce maita, a tura ta ɗakin baya. Kuma ba wai ba mu iya ba ne. Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta yi fim a 2016 kan rashin haihuwarta, ta zauna gaban kyamara ta faɗi abin da mata ke haɗiyewa.

Tsada kuwa ba a magana. Shayi ruwan bunu, ba madara, kuɗin buhun garin kwaki. Bayan gida ma sai ka biya, shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati. Masu keke ba sa ɗaga wa kowa ƙafa, ka taka hanyarsu ka sha ƙararrawa da harara. Abu ɗaya na samu kyauta, jirgin ruwan da ke bayan babbar tashar jirgin ƙasa, mai tsallakar da mutane zuwa gidan finafinai na Eye. Na yi ta hawa har ba dalili.

Allah ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan zangon Kumasi a masallaci ran Juma'a. Jin Hausata kawai ya ce, “Malam, yau a gidana za ka ci.” Ya kai ni Bijlmer, unguwar da 'yan Ghana suka yi yawa, uwargidansa ta cika min faranti da wake da shinkafa da yaji. Bayan la'asar ya nuna min wurin da jirgin saman dakon kaya na kamfanin El Al na Isra'ila ya faɗo kan benaye ranar 4 ga Oktoba, 1992, mutum 43 suka rasu. Mazauna wurin sun daɗe suna kukan rashin lafiya, har majalisar ƙasar ta yi bincike a 1999. Ya ce jikokinsa a nan aka haife su, amma ba su san labarin ba, shi kuma bai iya faɗa musu. Na ce, “Alhaji, ko da waya ce a ɗauke ka.” Dariya ya yi, ya ce sai dai in na dawo.

Sauran kwanakin mura ta kama ni. Na daure na ga fim ɗaya kan ma'aikatan ma'adinai masu yajin aiki, wani kuma kan iyayen da ke neman 'ya'yansu da suka ɓace, na yi barci a tsakiyar na uku. Cukulan na saya wa yara a filin jirgi, nan ma an yanke ni.