Talata da dare, maganar Kawu

Da wuri na bar Tema yau, amma sai da aka idar da Magariba na shigo Nima, unguwarmu a Accra. Aikin faɗaɗa motowe ya matse hanya, trotro, motar hayar da na shiga, tana tafiya tana tsayawa, yaron mota har ya gaji ya jingina da ƙofa yana gyangyaɗi. Mma ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo saboda Kawu, tunda ciwon ƙafarsa har yanzu bai bar shi ya koma Yeji, inda yake fito da mutane a tafkin Volta, ba. Na ci na ƙoshi, sannan hankalina ya dawo jikina.

Muna tsakar gida Auta ya miƙo min waya, wai in ga jirgin ruwan da ke tuƙa kansa. Na taɓa karanta labarinsa. Estelle ne na birnin Stockholm a Sweden, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023 tsakanin Kungsholmen da Södermalm. Ɗan ƙarami ne, mutum ashirin da 'yan kai yake ɗauka, da batir yake tafiya, kyamara da rada ne idanunsa. Sai Auta ya wuce zuwa wani, Candela P-12, wanda in ya ɗauki gudu yake ɗagowa a kan fukafukan da ke ƙasansa har cikinsa ya rabu da ruwa, cin wutarsa ya ragu sosai. Shi da matuƙinsa. A ƙarshen 2024 ya fara jigila daga Ekerö zuwa tsakiyar birni, tafiyar da kan ci kusan awa guda ta koma rabin awa.

Ni da gumin motowe bai bushe a rigata ba, ina jin rabin awa sai daɗi ya kwashe ni. Na ce ku duba fa, Tema bakin teku take, Jamestown ma haka, ga sabuwar tashar masunta an buɗe a can. Me zai hana mutum ya hau irin wannan da safe ya sauka a wurin aikinsa da farar rigarsa?

Kawu ya ce a ba shi wayar. Ya nisanta ta da fuskarsa ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan ruwan kwance yake."

Gaskiyarsa. Stockholm a kan tsibirai 14 take, ruwanta a killace. Namu tekun fili ne, igiya tana dukan gaɓa dare da rana. Kafin a buɗe tashar Tema a 1962, manyan jirage a can nesa suke tsayawa, 'yan kwalekwale ne ke ratsa igiyar da buhunan koko a kai musu. Auta ya ce to a bi ta kogin Odaw mana, daga Circle a gangara Korle. Mma daga kicin ta ce kada ta sake jin sunan Odaw a bakin mai cin abinci. Kogin da laka da leda suka cike, wanda ya yi ambaliya ranar 3 ga Yunin 2015, daren da gobarar gidan mai ta haɗu da ruwa mutum fiye da 150 suka rasu. Muka yi shiru.

Sai Kawu ya koma kan na farkon, marar matuƙi. "To shi wannan, wa ke cewa ya isa, a daina shiga?"

Na ce na'ura za a iya saita ta, in nauyi ya wuce ƙa'ida ta ƙi tashi. Na ɗauka zai yi musu. Sai ya ce, "In haka ne ta fi mu. Mu kunya ce ke kashe mu. Yamma ta yi, ranar kasuwa, mace ta zo da goyo da buhun gawayi tana roƙonka da Allah, ka san jirgi ya cika, amma bakinka ba zai iya ce mata a'a ba." Ban taɓa jin ya faɗi wannan ba, duk shekarun da ya yi yana fito da mutane.

"Amma kututture fa? Itatuwan da ruwa ya haɗiye suna nan tsaye a ƙasa. In ruwa ya janye wani ya leƙo, wani kuma yatsa biyu ya rage masa. Wanda ubansa ya yi noma a wurin shi ya san inda suke." Na gaya masa ai ko Estelle ɗin da kyaftin a ciki aka sa shi aiki, yana zaune yana lura. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, ashe suna da hankali.

Yana mayar wa Auta wayar ya ƙara maganar da ta hana ni kwanciya har yanzu. "Ruwan nan shi ke kunna muku fitila a nan Accra. Mu da ke kansa da fetur muke haye shi, ranar da man ya yanke kuma sai mu zauna."

Tun 1965 madatsar Akosombo ke ba da wuta, mutane kusan 80,000 aka tayar daga garuruwansu don tafkin Volta ya kwanta. A Norway, tun 2015 jirgin Ampere ke ɗaukar mota 120 da batir tsakanin Lavik da Oppedal, yana shan caji na 'yan mintoci kowane tsayawa, lokacin da motoci ke fita wasu na shiga. Aikin da batir ya fi iyawa ke nan, gajeriyar hanya, je ka dawo, tasha biyu. Haka fiton Yeji zuwa Makango yake, haka na Dambai, haka na Adawso zuwa Ekye Amanfrom. Kochi ta Indiya ta haɗa tsibiranta da jiragen batir tun 2023, Legas ma ta ɗauko nata shirin, Omi Eko, don tana da ruwan da ke kwance a tsakiyar gari. Mu namu kwantaccen ruwan yana can wajen su Kawu, kuma su suka fi cancanta a fara da su. Ina son jirgin Tema, Allah ya sani, bayana ma yana so. Amma ni cunkoso ne kawai ke cin lokacina, su kuwa rai suke sakawa kowace ranar kasuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai da na tuna yawan lokutan da muka ji labarin kifewar jirgi a tafkin, a yi ta'aziyya kwana uku a wuce. In za a kawo, a kawo mai batir, mai ƙin tashi in ya cika, a kuma zaunar da ɗan garin da ya san kututture a gaba, a biya shi albashi mai kyau.

Katin mita ya kusa ƙarewa, Yaya ta ce ita ta saya wancan karon. Ɗinkin Hajiya bai fito ba.

Gobe da sassafe asibiti da Kawu, za su sake duba ƙafar. A layi zan tambaye shi nawa jirgi ɗaya ke sha na mai a ranar kasuwa, ina son in zauna in yi lissafin da kaina.