Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jakar Ruwa a Bayan Mafitsara

Makon jiya na tsaya a shekarun ɗakin tiyata. Auren Yaya da rigimar gado sai wani jiƙon, domin maganar marigayi Malam, malamina a ɗakin tiyata, ce ta hana ni sakat: "Abin da ba ka san cikinsa ba, kada ka huda shi." A kan jakar tsilar kare ya fi faɗin haka.

Tsilar nan a hanjin kare take zama, tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Ƙwanta na fita a kashinsa, ya manne a gashi, ya shiga ƙasa da ruwa. Tumaki da awaki da raƙuma su haɗiya, mutum ma ya haɗiya ta hannun da bai wanke ba. Cin nama ba ya sa wa mutum ita. Kare ne ke kamuwa in an jefa masa ɗanyar hanta ko huhu mai jakar.

Daga hanjin wanda ya haɗiyi ƙwan, ɗan tsutsar yakan bi jini, inda ya laƙe ya zama jakar ruwa. Kusan kashi 70 cikin 100 a hanta yake laƙewa, wajen 20 a huhu. Mafitsara kuwa da wuya, kuma galibi bayanta jakar take, ta samo asali daga wata da ta tsiyaye a cikin ciki. Shekaru take yi tana girma shiru, har ta danne mafitsarar: fitsari kaɗan-kaɗan, ko ya tsaya cak, wani lokaci ƙoda ta kumbura. In ta fashe cikin mafitsarar, majiyyaci yakan ga wasu fararen fatu kamar ɓawon inabi a fitsarinsa. Amma har gobe akwai masu jin "fitsari" su rubuta maganin tsargiya ba tare da hoton ciki ba, kuma su ne suka riƙa kiran Malam mai nawa.

Hoton ne ke nuna 'ya'yan jaka a cikin uwar. Gwajin jini yakan fito lafiya lau alhali cutar na nan. To, a nan ne mai gaggawa ke zura allura. Ruwan ya zuba, jini ya faɗi, numfashi ya sarƙe nan take. In an tsira, kowane ɗigo na iya zama sabuwar jaka. Kada ka huda, in ji Malam.

Kafin tiyata sai an fara ba da maganin tsutsa albendazol, miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, a raba biyu, ana duba lafiyar hanta da ƙwayoyin jini. Mai ƙaramin ciki ba a ba ta. Ranar aiki a kewaye jakar da ƙyallen tiyata da aka jiƙa da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 20, a zuƙe ruwanta a tsanake, a fitar da farar fatar da ke cikinta. Ɓangaren bangon da ya manne da bututun ƙoda ko hanji, gara a bar shi da a yaga. Bayan aiki magani ya ci gaba, hoto kuma shekara da shekaru, don takan dawo.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan koma kan gadon.