eSIM ga Mai Shirin Umara Daga Kaduna

eSIM layin waya ne da ake saka wa cikin waya ta intanet, ba tare da katin SIM ba. Kafin ka biya ko sisi, danna *#06#. In ba ka ga lambar EID (lambar shaidar eSIM na cikin waya) ba, wayarka ba ta ɗaukar eSIM. Masu sayen iPhone tokumbo a Kasuwar Sheikh Gumi su lura: yawancin na China ba su da shi, wasu kuma a kulle suke da layin Amurka.

Ka saka eSIM ɗin tun kana gida, kan Wi-Fi. Lambar QR ɗin da mai sayarwa zai turo maka don saka shi galibi sau ɗaya take aiki, don haka kada ka goge eSIM ɗin.

Da ka sauka Jidda, kunna romin (wato amfani da layi a ƙasar waje) na eSIM, ka kashe na MTN, kada kuɗinka ya zurare. Yawancin eSIM na tafiya data ce zalla, babu lambar kira, amma WhatsApp ɗinka na nan da tsohuwar lambarka.